Waƙar Bartley

Colman Folan ya kai ƙarshen waƙar jakin da ya ƙi hawa gada, baƙi suka tafa. Bai yi murmushi ba. Tun shigowar bazara yake rera ta kowace la'asar a mashayar Festy, ga mutanen da babbar mota ke saukewa bayan sun gama kallon duwatsu da teku. Su sha baƙar giya, su ci miyar kifi da burodi, su ɗauki hoton tsoho mai hula a gefen murhu, su tafi.

Waƙar jaki tasa ce. A ƙauyen kowa da waƙarsa. Muddin mai waƙa na numfashi, ba wanda ke rera ta sai shi, ko yana wurin ko ba ya nan. In ya mutu, ta koma ga wanda ya bar wa. Colman jaki ya samu tun yana saurayi, jaki ya tsufa da shi.

"Sarkin jakai, jiƙa maƙogwaro," in ji Festy mai mashaya, ya dire masa kofi.

Wata mata mai furfura ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce sunanta Lorraine, daga Ostiraliya ta zo. Kakarta 'yar nan ce, 'yar gidan Naughton, mahaifin kakar ya nutse a teku tana ƙarama. Akwai wani amo da kakar kan yi in tana wanki, babu kalmomi, amon kawai. Ta rufe ido ta yi shi a hankali, a karkace.

Colman ya gane tun kafin ta ja numfashi na biyu. Festy ma ya gane, don ya daina goge kofi.

Waƙar Bartley Conneely ce, ta jirgin da ya kife da mutanen ƙauyen suna dawowa daga kasuwa. Doguwa ce, tana kiran mamatan ɗaya bayan ɗaya. Bartley ya gaje ta daga ubansa. Shi da Colman a kwalekwale ɗaya suka yi kamun kifi tun ƙuruciya, kuma duk lokacin da Bartley zai rera ta, Colman ne ke riƙe masa hannu yana juyawa a hankali, kamar yadda ake yi wa mawaƙi don kada nauyin waƙa ya kayar da shi. Ta hannun nan ya haddace ta kaf. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma a ransa ya daɗe da yanke cewa muryarsa ta fi ta Bartley dacewa da ita.

A sanyin bara ɓarin jikin Bartley ya shanye. Bakinsa ya karkace, magana ta tafi, sai kalma ɗaya-biyu da yake fitarwa da ƙyar. Tun daga nan bai sake taka mashaya ba.

Matar ta tambaya ko ya san waƙar. Ta ce saboda ita ta ƙetaro duniya.

Festy ya sunkuyo ta kan kantar mashaya, ya yi ƙasa da murya. "Ba taka ba ce, Colman."

"Mai ita ba shi da baki."

Festy ya dube shi, ya dubi ɗakin. Babu ɗan gari ko ɗaya, sai baƙi. Ya ce shi dai bai ji komai ba, amma in za a yi a taƙaita, direban motar baƙin ya fara duba agogo. Ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ɗaki ya yi tsit.

Colman ya juya fuska ga bango, ya runtse ido, ya ɗauko ta. Ta fito yadda ya daɗe yana jin ta a mafarki. Ya ja inda Bartley ba ya ja, ya lanƙwasa murya inda Bartley ke wucewa kai tsaye. Ya ji wata mata na jan hanci a bayansa. Ya ji iska mai sanyi ta taɓa masa ƙeya, alamar an buɗe ƙofa, bai damu ba. Jirgi ya bar gaɓa, hadari ya haɗu, nan ya yi niyyar tsayawa, nan ya tsaya.

Tafi ya cika ɗaki. Ya juyo.

Bartley ne a keken guragu a bakin ƙofa, bargo a cinya, 'yarsa Breege na riƙe da keken. Daga asibitin Galway suke. Suna wucewa tsohon ya yi ta nuna mashaya da hannu har ta tsayar da mota.

Breege ta jira tafin ya lafa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Colman, ashe har an raba gado? Ba a gaya mana ya rasu ba."

Baƙin ba su san me ake ciki ba. Wani ma ya matsa wa keken hanya yana murmushi, ya ce sun yi rashin sa'a, sun makara, tsohon nan gwani ne. Festy ya sami abin yi a ƙarƙashin kantar mashaya.

Shekara saba'in da ɗoriya Colman bai taɓa sunkuyar da kai ga kowa a ƙauyen nan ba, ko ga limamin coci. Yanzu takalminsa yake kallo. Kafin dare kowane gida zai ji. Wannan bai dame shi ba kamar mutumin da ke cikin keken. Ya miƙe zai fita, amma ƙofa ɗaya ce, kuma Bartley na gabanta.

Ya zo zai raɓa ta gefe, hannun hagu na Bartley, mai lafiyar, ya cafke nasa. Hannun masunci ne har yanzu. Colman ya ja, bai saki ba. Idon Bartley ɗaya a rufe, ɗaya a kan Colman.

Sai hannun ya fara juyawa. A hankali, zagaye bayan zagaye.

"Bartley," in ji Colman. "Don Allah."

Hannun bai tsaya ba. Breege ta turo kujera da ƙafa. Colman ya zauna, gwiwa da gwiwa da abokinsa, babu bangon da zai juya gare shi. Ya ci gaba daga inda ya yanke.

Da ya zo gaɓar da zai lanƙwasa, Bartley ya matse masa yatsu har ƙashi ya yi ƙara. Ya miƙe ta. Ya sake gwada ado a baiti na gaba, aka sake matsewa. Bai ƙara ba.

A waje direba ya danna hon. Baƙi suka dubi juna. Waɗanda ke ɗaukar hoto suka sauke wayoyinsu, don waƙar ta ƙi ƙarewa, kuma ba ta da daɗin ɗazu. Ɗaya ya lallaɓa ya fita, wasu suka bi. Direban ya leƙo ya ce akwai sauran wurin kallo kafin rana ta faɗi. Lorraine ta tsaya har ta zama ita kaɗai. Colman ya san sunan da ta zo nema yana can gaba, cikin jerin mamata, a ɓangaren da ya yi niyyar yarwa. Ya so ya ce mata ta jira. Ba a magana a tsakiyar waƙa, hannun kuma bai ba shi sarari ba. Hon ya sake tashi. Ta ɗora hannu a ƙirji, ta yi godiya da leɓe, ta fita.

Ƙarar motar ta gangara hanyar gaɓa ta ɓace. Bayan nan ne ya kira Naughton, mai 'ya ɗaya a gida. Ya kira sauran, duk, har na ƙarshe da teku bai mayar ba.

Ba wanda ya tafa. Kofuna rabi-rabi a kan tebura, wuta na cin kanta a murhu. Colman ya yi ƙoƙarin zare hannunsa, ya kasa. Leɓen Bartley ya yi ta rawa, miyau ya zubo, Breege ta share masa. Da ƙyar kalmar ta fito.

"Sake."

"Ya ce ka sake rerawa," in ji Breege.

"Na ji shi." Colman ya dubi idon nan ɗaya. "Ba ni waƙar ka yi, tsoho, ko horo ne?"

Breege ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba za ta yi wa ubanta ƙarya don ta sanyaya wa wani rai ba. Ta cire rigar ruwanta ta zauna.

Festy ya fito yana tattara kofuna. Ya tsaya a bayan Colman, ya yi gyaran murya. "Gobe in motar ta zo fa?"

"Jaki," in ji Colman.

Ya cire hula da hannun da ya rage masa, ya ɗora a gwiwa. Hannun Bartley ya fara juyawa. Colman ya koma farkon waƙar, ƙasa-ƙasa, ba ja ba lanƙwasa, yadda mai ita ke yi.