Sandar Goggo a Hannun Kotu

"Kai ne ka riƙe mini sanda, kada ka yi mini kallon rashin sani!"

Goggo ta buga tafin hannu a teburin magatakardan kotu, har kofin shayinsa ya yi tsalle. Haki take yi, gumi na bin wuyanta.

"Mama, zauna tukuna. Wace sanda?"

"Ba zan zauna ba. Ta ƙarfe, mai robar tayar keke a mariƙi. Marigayi maigidana mai walda ne ya ƙera mini ita da gwiwa ta fara cin raina."

Nan magatakarda ya gane, ya danne dariya. Ai duk kotun babu wanda bai san wannan sanda ba. Dogo, ɗan ƙanen Goggo, mai lodi a kamfanin katifa, shi ya are ta, wai zai kai a gyara mata. Sai ya ɗingisa da ita zuwa ofishin diyyar ma'aikata, ya ce ya faɗo daga mota ƙugunsa ya goce. Aka yi ta biyansa. To amma Goggo gajeruwa ce, shi kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, sandar ko cinyarsa ba ta wuce ba. Jami'in bincike ya yi zargi, ya bi shi, ya tarar da shi da firji a ka, sanda a hammata, yana tsallake kwata. Alƙali ya ce ya mayar da duk abin da ya ci, ya biya tara, ya kuma yi ta sharar kotu maimakon gidan yari. Sanda kuwa aka kulle ta a ɗakin ajiyar shaida.

"Shi ya yi ƙarya, ita kuka ɗaure!" in ji Goggo. "Wata nawa ina bin bango kamar ƙadangare?"

Sai ga Dogo ya leƙo da tsintsiya, a duƙe.

"Goggo, ina kwana?"

"Miƙe, makaryaci, an gama wasan."

"Wallahi yanzu da gaske ne. Sandarki ce ta lanƙwasa mini baya."

"To maza ka koma ofishin diyya ka faɗa musu."

Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya riƙe ciki. Magatakarda ya aika aka ɗauko sandar, tun da shari'a ta ƙare. Yana miƙa mata ya tsaya.

"Mama, a saman bene muke fa, lif kuma ya lalace. Da me kika hau?"

Goggo ta dubi ƙafafunta. Ta ɗaga ta dama, ta ajiye. Ta taka zuwa taga, ta dawo, babu abin da ta dafa. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun maigidan yana raye.

"Da fushi na hau! Kuma kada wanda ya ce ni ma ƙarya nake yi, ni ban ci na kowa ba."

Ta rungume sandar, ta shafa mariƙin, ta juya ƙasanta. Sai fuskar ta sake ɗaurewa.

"Ina robar gindin? Da robarta ta bar ɗakina. Ko kai, ko Dogo, ko alƙali, yau sai wani ya fito ya faɗa mini wanda ya cire ta."

Ta ja kujera ta zauna.