Ban Ce Marsi Ba

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, babu abin da ya yi arha a Maraɗi sai taro. Lakwal, wato makarantun boko, a rufe saboda yajin aiki, kasuwa ta yi sanyi, jam'iyyu kuwa sun fi masu shayi yawa, amma taron ƙara wa juna sani ba ya yankewa. Wannan na kwana uku ne, a zauren wani otal. An rubuta a ƙyalle cewa za a koya wa shugabanni yadda za su yi gogayya da kasuwannin waje, su gina hanyoyi, su kuma canja tunanin jama'a. Duk a cikin kwana ukun, har da hutun cin abinci.

Mushe Inusa, wato Malam Inusa a Faransance, shi ne tafinta. Malamin lakwal ne a Tsibiri, yana zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi, kuma abokinsa Maman Lawali, mai shirya taron, shi ya samo masa aikin don ya huta da zaman kashe wando. Faransanci a bakinsa kamar ruwa, farar shaddarsa kullum da guga, sahun gaba a masallaci ba ya wuce shi. In an tambaye shi asalinsa sai ya ce can wajen Jiratawa, ya yi maza ya sako wani zancen. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne ubansa Kabo, Sarkin Noma ne a wani ƙauyen anna, mutanen da ba sa salla, masu yanka wa iskoki baƙin bunsuru kafin a yi shuka. Wada aka raɗa masa a can. A lakwal ya zama Inusa, ya kuma bar Wada a bakin gulbi.

Shi ne ɗan fari, don haka tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, tsohon sunan ko sabon. "Kai" ne, ko "wancan", ko gyaran murya kawai. A cikin mutane ma Kabo ba ya ɗaga ido ya dube shi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inusa ya san ƙauna ce a ƙarƙashinta. Sai dai ya daɗe da mayar da ita mayafi: tun da tsohon ba zai taɓa nuna shi ya ce ga ɗana ba, to asirinsa a rufe yake.

Kwana biyun farko sun tafi lafiya. Baturen da aka ɗauko ya koyar, wanda mahalarta suka laƙaba wa Mai Allo saboda ba ya iya jimla biyu bai zana kibiya ba, ya yi bayani a kan shugaba mai hangen nesa da al'adun da ke jan ƙafar ci gaba. Inusa yana juyawa da Hausa mai daɗi, har yana ƙara gishiri. Mutum ɗaya ce ke ɗan takura masa, Hajiya Rahmatu, shugabar mata 'yan kasuwa ta Sabon Gari. Ta yi lakwal kafin ta kama fataucin atamfa, kuma ba ta barin kalma ta wuce a karkace. Ita ce ta ce tun da tumatirin Jiratawa yana ruɓewa kafin ya ƙetare gulbi, da wa za a yi gogayyar, da ƙudaje?

Ran na uku aka kafa taswira. Furoje, wato shirin raya ƙasa, zai gina hanya da kadarko a kan Gulbin Maraɗi, don kayan lambu su riƙa isa kasuwa da damina. Mai Allo ya ce shugabanci na zamani sai da jin ta bakin talakawa, shi ya sa aka aika mota ta kwaso dattawan ƙauyukan da hanyar za ta ratsa. Inusa yana gyara wayar lasifika ya ɗaga kai, sai ga su suna shigowa su shida. Na ukunsu dogo ne, da tsohuwar riga mai shuni, layu sun yi masa kaca-kaca a wuya, ya tuɓe takalmansa a ƙofa ya riƙe a hannu. Kabo ne.

Inusa ya ajiye wayar. Ya je ya rusuna ya gaida dattawan a jimlace, gaisuwar da za ka yi wa kowane tsoho a tasha. Kabo ya amsa yana kallon bango, kamar yadda ya saba. Maman Lawali ya matso ya raɗa masa cewa wancan mai layun anne ne tuburan, a yi hattara kada ya ɓata musu taro a gaban baƙo. Inusa ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ita ce ta fara ci masa rai daga baya, tun kafin sauran.

Dattawa biyu suka yi magana, suka yi godiya, suka roƙi rijiya. Da aka zo kan Kabo, sai ya ƙi zama. Ya taka har gaban taswirar, ya sa aka nuna masa inda kadarkon zai zauna, aka ce masa daidai tsohuwar tsamiya. Ya girgiza kai. Ya ce wurin nan na iskar nan Doguwa ne, nan suke yi mata yanka tun kakanni, kuma ba ta son a aza mata dutse a ka. Ya ce gulbi yana da tsohuwar hanyarsa, yakan bar ta shekara shida ko bakwai, ranar da ya tuna da ita kuwa ta nan yake biyowa. Ubansa Dada ya ga ruwa ya tumɓuke gawo a wurin ya tafi da shi. In ana son kadarko ya kwana, a matsa da shi gaba, wajen itatuwan marke, inda ƙasa ke da tauri.

Tun daga sunan Doguwa aka fara ƙus-ƙus. Wani ya yi a'uzubillahi da ƙarfi, wasu matasa a baya suka kife kai suna dariya. Mai Allo ya juyo da murmushi, alƙalami a hannu, yana jiran tafinta.

Inusa ya ɗaga lasifika. Ya san maganar gaskiya ce, don da ƙafarsa ya sha tsallake wannan kwarin yana yaro. Amma ya ga kamar in kalmar yanka ta fito daga bakinsa, kowa zai ga kamannin hancin nan da na tsohon. Sai ya gyara murya, ya ce da Faransanci dattijon yana godiya ƙwarai ga furoje, yana godiya ga baƙo, kuma mutanensa suna maraba da kadarko.

Tsoro ya mantar da shi abin da ko ɗan aji ɗaya ya sani: a zauren nan Mai Allo kaɗai ne ba ya jin Hausa, rabin mutanen kuwa suna jin harsunan biyu. Dariyar ta ɗauke. Hajiya Rahmatu ta sauke tabaronta ta zuba masa ido. Duk da haka da an wuce wurin, don babu mai son tayar da zancen iskoki a gaban baƙo. Sai dai Kabo bai koma mazauninsa ba.

Kalma ɗaya tak ya sani a Faransanci. Zamanin gyaɗa, yana saurayi yana dakon buhuna zuwa sikeli, aka koya musu ita don su riƙa faɗa wa Baturen awo.

"Na ji an ce marsi har sau biyu," in ji shi, a hankali. "Ni ko ban ce marsi ba. Mi aka ba ni da za ni gode?"

Mai Allo ya ji kalmarsa a bakin tsoho, ya tambaya me ake ciki. Inusa ya sauke lasifika. Ya tsaya yana jiran abin da ya cancanta. Kalma ɗaya ta isa tsohon ya yaye masa riga a gaban Maraɗi duka.

Kabo ya juyo ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi a cikin mutane ba.

"Kada ku ga laihi nai," ya ce wa jama'a. "Ɗan birni ne, ɗiyan malamai, bai saba da Hausarmu ta ƙauye ba. Mushe Inusa, ka huta. A samo wani shi hwaɗa ma Bature."

Wasu suka yi ajiyar zuciya, Maman Lawali har da gyaɗa kai, an sami mafita. Hajiya Rahmatu ta miƙe ta karɓi lasifika, ta juya maganar tsaf, da Doguwa da yankan da gawon Dada, ba ta rage ko ɗaya ba. Mai Allo ya daina murmushi, ya yi ta tambaya a kan tsohuwar hanyar ruwan, ya kewaye wajen marken da jan alƙalami. Ko an matsa da kadarkon ko ba a matsa ba, wannan sai masu ofis. Inusa dai bai ji komai a ciki ba. Sunansa kawai yake ji, yadda ya fito sumul daga bakin da ya yi shekara talatin da huɗu yana kewaye shi.

Da aka tashi cin abinci ya fita. Dattawan ba su shiga layin faranti ba, suna gindin wani itacen bedi suna jiran mota. Kabo ya kwance ƙullin goro yana rabawa. Inusa ya zo da farar shaddarsa ya durƙusa a ƙasa, a kan idon duk masu wanke hannu a baranda.

"Baba," ya ce.

Ya so tsohon ya kau da kai, ya yi gyaran muryar nan, ya ce masa "kai". Kabo ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya zaɓi goro mai kyau ya miƙa masa da hannu biyu.

"Sannu da aiki, Mushe Inusa," ya ce. "Tashi, kada riga ta ɓaci."