Mutum Goma a Kan Kabarin Abdulbaqi

Da Baballe ya buɗe ƙofar gidansa a unguwar Al Aziziya ta Doha ya ga wanda ke tsaye, sai da ya sake dubawa, don bai zaci rashin kunyar ɗan Adam ta kai nan ba. Russell Melnik ne, babban injiniyan kamfanin gas ɗin da yayansa Abdulbaqi ya yi wa aiki har aikin ya ci shi. Mutumin ya tara gemu, ya kifa hular hana-salla, a ƙarƙashinta kuma ana hango gefen ƴar ƙaramar hular nan ta Yahudawa.

"Yanzu Reuben ake kirana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jinya.

"To, barka da suna," in ji Baballe. "Me ya kawo ka?"

Ya bar shi ya shigo falo, amma ko ruwa bai ba shi ba, a garin da mai kawo saƙo ma ake miƙa wa ruwan sanyi.

Baballe malami ne a wata kwalejin fasaha, kuma Abdulbaqi ne ya jawo shi Doha daga Funtuwa. Shekarun baya an yi gobara a ma'aikatar da Abdulbaqi ke kula da wani sashe, wani lebura ɗan Nepal ya ƙone har lahira. Melnik ne ya ba da umarnin a tayar da injin ba tare da an kammala gwaji ba, saboda aiki ya makara, kuma da baki ya bayar, a waya. Da aka zauna bincike sai ya ce shi bai san zancen ba, Abdulbaqi ne ya yi gaban kansa. Aka kori Abdulbaqi. Ya yi ta sintiri ofishin Melnik yana neman ganinsa, sakatariya tana cewa oga yana mitin. Kafin ya gama haɗa kayan komawa gida hawan jini ya kayar da shi a banɗaki. A maƙabartar Mesaimeer aka binne shi. Matarsa Safiyyatu ta koma Funtuwa da yara, da kuma sunan da aka laƙa wa mijinta: wanda sakacinsa ya kashe mutum. Har ƴan'uwa Hausawa na Doha, in zancen ya taso bayan sallar Juma'a, sai su ce Allah ya jiƙansa su kawar da kai. Wannan kawar da kan shi ke ci wa Baballe tuwo a ƙwarya har yau.

Melnik ya zauna a bakin kujera ya fara zuba. Mahaifinsa ya rasu bara a Johannesburg. Da ya je jana'iza aka ce ya karanta addu'ar da ɗa ke yi wa ubansa, ya kasa, sai da wani tsoho ya riƙa laƙƙana masa. Kunya ta kama shi. Jama'ar majami'ar ubansa ba su tsangwame shi ba, suka jawo shi jiki, gida-gida ana kai shi cin abincin daren Asabar. Tun daga nan ya bar giya, ya bar naman alade, yana ɗaukar karatu a waya wurin wani malaminsu. Ya ce ya dawo gida bayan ya daɗe a jeji.

Baballe ya bi shi da kallo. Kai, duniya! Mutum ya rusa gidan wani, sannan ya zo yana ba ƙanin mamaci labarin yadda shi ya sami nasa gidan.

"Babbar ranar azuminmu ta kusa, Yom Kippur," in ji Melnik. "Malamina ya ce azumin yana wanke abin da ke tsakanin mutum da Ubangiji, amma ba ya wanke haƙƙin wani. Sai ka nemi mai haƙƙin ya yafe maka."

"Mu ma haka ne. Sai dai mai haƙƙin ya riga mu gidan gaskiya."

"Akwai hanya. In ya mutu, sai ka tara mutum goma daga cikin mutanenmu, ku je kabarinsa, ka nemi gafara a gabansu. Na sha wahala kafin na haɗa goman nan a Doha. Abin da ya rage, ban san kabarin ba. Na je wurin, duk iri ɗaya ne."

Baballe ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Hukuncin dai bai raina shi ba, ya ma burge shi, don ya yi kama da abin da ya taso yana ji a zauren karatu. Wanda ya zo da hukuncin ne abin rainawa. Lokacin da Abdulbaqi yake da baki da ƙafafu, yana zaman jira a ƙofar ofis, oga yana mitin. Yanzu da ƙasa ta rufe bakin, ba zai kai ƙara ba, ba zai faɗa wa kowa ba, oga ya sami lokaci. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki.

Ya yi niyyar nuna masa ƙofa, sai kuma ya fasa. Yana so ya ji da kunnensa abin da za a faɗa wa yayansa.

"Ranar Juma'a da hantsi," in ji shi. "Kada ku makara, ina da masallaci."

Suka zo a motoci uku. Baballe ya gaya wa mai gadin maƙabarta cewa abokan aikin mamaci ne, mai gadi ya dube su, ya ce yalla, su shiga, amma kada su daɗe. Taron kuwa tarkace ne: malaman jami'a, wani likitan haƙori, samari biyu masu aikin kwamfuta, da wani ɗan kasuwa da aka roƙa ya ɗaga tafiyarsa. Yawancinsu a ranar suka fara ganin juna, suna ta gaisawa suna tambayar kai daga ina. Wani tsoho gajere mai sanda ya nufo Baballe ya yi masa ta'aziyya da Larabci mai kyau. Farfesa Benhamu ne, mutumin Maroko, malamin lissafi.

Mutum ɗaya Baballe ya gane, ya kuwa gane shi sarai: Mista Oster, shugaban sashen kiyaye haɗurra na kamfanin, wanda ya zauna a kwamitin binciken da ya kori Abdulbaqi. Ashe shi ma nasu ne. Da gani Melnik bai so gayyatarsa ba, rashin na goma ne ya tilasta masa, don ko inda yake ba ya son kallo.

Suka ratsa layukan kaburbura, tulin ƙasa da tsakuwa, ba itace ba inuwa. Rana ta riga ta fara cizo, ga gumin nan na ƙarshen zafi da ke liƙe wa mutum riga a baya. Baballe ya tsaya, ya yi wa yayansa sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Sannan ya ja gefe guda ya harɗe hannuwa.

Melnik ya cire takalma da safa, wai haka aka ce a yi. Tafin ƙafar da ba ta san komai ba sai kafet da tayil ta taka tsakuwar Mesaimeer. Nan take ya fara sauya ƙafa, ɗaga wannan ajiye waccan, kamar zakara a kan kwano mai zafi. Ya rufe ido, ya faɗi wasu kalmomi da Ibrananci, muryarsa tana rawa yadda ya kamata. Kafin Baballe ya gyara tsayuwa har an gama. Mutanen suka ja numfashi za su amsa.

"Ku dakata," in ji Baballe. "Me ya ce?"

Suka dubi juna. Farfesa Benhamu ne ya amsa. "Ya ce, na yi wa Ubangijin Isra'ila laifi, na kuma yi wa wannan bawan Allah laifi. Mu kuma za mu ce an yafe masa."

"Shi ke nan?"

"Abin da ya faɗa ke nan."

"Laifi!" Baballe ya ji muryarsa ta ɗaga, bai kuma damu ba. "Wane laifi? Ƙafa ya taka masa a lif? Ko shayinsa ya sha? Malam, ranar da ka yi masa ƙarya da Turanci ka yi, tiryan-tiryan, kowa ya ji, aka rubuta. Yau da za ka warware sai ka zo da harshen da shi bai taɓa ji ba, ka yi guntun zance ka sa takalminka? Wallahi ka raina mana hankali. Ka raina mai kabarin, ka raina waɗannan da ka kwaso cikin rana."

"Haka lafazin yake," in ji Melnik. "Na bi abin da aka koya mini."

Tsohon ya dogara sandarsa ya juyo. "Lafazin farkon zance ne, ɗana. Ana faɗin abin da aka yi. Ni ka ce mini saɓani ne na wurin aiki. Me ka yi wa mutumin nan?"

"Magana ce mai tsawo, Farfesa. Akwai abubuwan kamfani da ba na da ikon..."

"To ni ba na cewa an yafe abin da ban sani ba."

Tsohon ya taka a hankali, ya zagaya kabarin ta wajen ƙafa, ya zo ya tsaya kusa da Baballe. "Sun zama tara," in ji shi. "In ka ga dama ka nemo wani."

A Doha, da hantsin Juma'a, saura kwana kaɗan azumin. Kowa a wurin ya san babu wani. Ɗaya daga cikin samarin ya duba agogo. Likitan haƙori ya share wuya da hankici. Melnik ya dubi tsohon, ya dubi takalmansa, sannan a karon farko ya dubi Mista Oster, wanda ya tsura masa ido ta saman tabarau. Baballe ya ga lissafin yana gudana a fuskarsa ƙarara: ga albashi da gida da mota da makarantar yara, ga kuma malaminsa da tsofaffin Johannesburg da za su tambaye shi ya aka ƙare. Ko tausayi bai ji ba. Ai ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Ni na ce a tayar da injin," in ji Melnik.

"Ɗaga murya," in ji Baballe. "Yana ƙasa, ba ya ji sosai."

"Ni na kira shi na ce a tayar. Ya ce gwaji bai ƙare ba, ya faɗa har sau biyu. Na ce in bai tayar ba zan sami wanda zai tayar. Da aka tambaye ni na ce ban san zancen ba." Ya sauya ƙafa a kan tsakuwar. "Ya zo ofishina. Ina ciki. Na ce a ce ba na nan."

Mista Oster ya cire tabarau ya goge a riga ya mayar. "Ranar Lahadi da safe, in an koma aiki, ina son ganinka," in ji shi, sannan ya juyo wajen Baballe. "Kai ma, Dokta, in za ka iya zuwa."

Farfesa Benhamu ya koma cikin sahu. Suka faɗi abin da ake faɗa, sau uku, wasu da ƙarfi wasu a ciki. Melnik ya fashe da kuka, na gaske wannan karon, har da majina. Ya sunkuya ya jawo takalmansa, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya miƙo wa Baballe hannu biyu.

Baballe ya dubi hannuwan bai karɓa ba. Wato shi ke nan, an wanke shi, zai je ya yi azuminsa da farar riga cikin mutanensa. Mamaci bai ce uffan ba, an amsa a madadinsa. Arha ke nan.

"Ni ba ni ka zalunta ba," in ji shi. "Shi kuma ba ya magana. Amma akwai mai magana."

Ya zaro waya daga aljihun kaftani, ya laluba, ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ƙarar kira ta fara fita a tsakiyar maƙabarta.

"Wa kake kira?" in ji Melnik.

"Matarsa. Malamar makaranta ce, tana jin Turanci fiye da kai. Babban ɗansa ma yana gida, ya kai munzalin da zai gane. Ka maimaita musu yadda ka faɗa, kada ka rage komai."

Melnik ya waiga wajen mutanensa. Farfesa Benhamu ya kafa sanda yana jira, sauran ma ba wanda ya nufi mota. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, Melnik ya buɗe baki zai ce wani abu game da lokaci, sai aka ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji muryar Safiyyatu, ana jin kwanuka suna ƙara a bayanta. "Baballe? Lafiya dai da sassafen nan?"

"Lafiya lau, Yaya. Kira mini Umar Faruq ya zo kusa. Ina wurin Yaya Abdulbaqi, akwai wanda zai yi muku magana."

Ya miƙa wa Melnik wayar.