Ƙasar Ostap a Gwangwanin Madara

…ƙasar tana nan dai, cikin gwangwani a aljihun kwat, tana dukan cinyarsa. Zailani ya sake shafawa. Tana nan. Alhamdu lillahi.

Ga ramin, ga akwatin tsoho Ostap, ga limaminsu yana kaɗa turare. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninsu a unguwar Catford. Mutumin Yukren, yaƙi ya koro shi yana saurayi, ba abin da ya fito da shi sai gicciyen uwarsa da ƙasar ƙauyensu cikin ƙyalle. Baƙa wuluk. Kullum zancen ke nan: ranar da na mutu, a zuba min ita a kabari.

To wa ya aike ka, Zailani? Ƙato da kai, har da furfura?

Wasa ne fa. Wasa kawai. Tsohon ya leƙa kicin ɗora shayi, shi kuma ya kwance ƙyallen, ya juye ƙasar a aljihu, ya ɗura ta tukunyar fulawa. Ya koma gida ya zuba ta a gwangwanin madara, yana jiran ihu… duk Lahadi Ostap yana kwance ƙyallen nan kafin ya tafi coci, ai dole ya gani. Lahadi ta wuce. Shiru. Har wata bakwai, shiru. Sai asibiti.

Mutumin da ya yi wa 'ya'ya uku uwa da uba bayan matarsa ta rasu. Aikin gidan burodi, hannu duk tabon ƙuna. Da azumi ba ya soya komai sai an sha ruwa, wai kada ƙamshi ya tsallaka bango… shi ne za a rufe da ƙasar tukunyar fulawa?

Kwana biyu Zailani yana birkice gida yana neman ta. Matarsa Murja ta rantse ba ta ga wani gwangwanin madara ba, ashe a bayan buhun shinkafa yake.

Lesya, babbar 'yar Ostap, tana bakin ramin. Hannunta babu ƙyalle. Ina ƙyallen? Kuma me ya sa take kallonsa?

Ƙafa ce ke kai shi, ba shi ba. Bai kai ga ciro gwangwanin ba tukuna. Ita ce ma ta miƙo hannu.

"Baba ya ce kai za ka kawo. Ya ce kai ke riƙe masa da ƙasar, kai ne ba ka taɓa yarda ka zo taronmu ba, wannan kam sai ka zo."

Ƙasar tana sauka kan katako, yaf, yaf. Baƙa. Tasa.

Nauyi ya sauka daga ƙirji. Ashe ya sani. Wata bakwai — suna shan shayi, tsohon yana tura masa sukari, yana wannan murmushin…

Dariya ce take taso masa, ko mene ne wannan? A nan? Gaban limami?

Ostap. Kai, Ostap…