Aljihun Gajere

A layinmu namiji ba ya fita da aljihu a buɗe. Ni nake ɗinke su. Tun ranar da 'yan sanda suka harbe mijin maƙwabciyata a bakin gada, suka ce wai ya kai hannu aljihu, mata suka fara kawo mini wandunan mazansu. In fatarka baƙa ce, kuma a tsallaken gada kake neman abinci, unguwar masu farar fata, to waya a hannu, makulli a wuya. Ni tela ce, abin da zan iya ke nan.

Gajere ƙanina ne, mai gyaran famfo. Sunan tsokana ne, don sai ya sunkuya yake shiga shagona. Ran nan da safe ya biyo da sabon wando yana wani taku.

"Yaya, don Allah ki bar mini ko guda ɗaya. Mutum ya yi ta yawo kamar buhu?"

"Cire ka ba ni, ko in ɗinke har da kai a ciki."

Baƙin zare ya ƙare, sai na yi da ja, layi kan layi. Ya duba ya kwashe da dariya, ya ce yau duk gari za a san yana da yaya mafaɗaciya. Ya saɓi jakarsa ya tafi.

Da rana tsaka ina taka keke, sai na ji shagon ya yi sanyi. Na ɗaga kai. Gajere ne tsaye a bakin ƙofa, babu jaka, hannayensa biyu a sama, tafukan suna kallona.

"Kai, wane irin wasan banza ne wannan? Sauke hannunka!"

Ko motsi bai yi ba. Zare ya sarƙe mini, na sunkuya in warware, da na ɗago babu kowa. Na tambayi mai kantin gefe, ya rantse ko kaza ba ta gifta ba. Ban koma kujera ba matar Gajere ta kira, kuka ya hana ta magana, caji ofis kawai na ji.

Na tsallaka gada na isa can. Wurin fes yake, shiru, sai ƙarar fanka. Babban ɗan sandan ya ba ni kujera, har da ruwan sanyi. Ban taɓa jin tsoron ladabi ba sai ranar.

"Sai haƙuri, Malama, ƙaninki ya rasu," in ji shi. "Yaranmu sun tsayar da shi, don ba a saba ganin irinsa a wannan layin ba. Shi kuma ya kai hannu aljihu."

Ya turo mini kayansa a leda. Na zaro wandon. Jan zaren nan yana nan daram, ko ɗinki ɗaya bai motsa ba. Wallahi a cikin baƙin cikin sai da na ji wani ƙarfi ya zo mini. Na buga wandon a kan teburinsa.

"Wane aljihun? Nuna mini! Da hannuna na ɗinke shi yau da safe!"

Bai ji haushi ba. Ya ɗauka ya kai kusa da ido, yana shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Ashe ke ce telar," ya ce. "Hannunki yana da kyau."

Ya jawo durowa ya ɗauko reza. A nan na hango su: guntayen zare tuli, baƙi, shuɗi, ruwan ƙasa. Duk na san su. A gabana ya farke ɗinkin a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙaya. Ya tsince jan zaren ya jefa cikin sauran, ya zura hannunsa a aljihun har wuyan hannu.

"Kin gani?"

Ban san yadda na tsallako gadar ba. Da na iso shago, na tarar an ajiye mini wanduna a kan keke, wata ta kawo na mijinta da na ɗanta. Na zauna ina kallon su, na kasa ko zura zare a allura.

Shagon ya sake yin sanyi. Gajere yana bakin ƙofa, hannayensa a sama. Wannan karon ban ce ya sauke ba.