Maɓalli Uku da Yatsun Goggo

A wani kamfani da ke ƙera na'urar wasan bidiyo, can bene na biyu, akwai wata injiniya da abokan aiki ke kira Uwar Maɓalli. Shekara biyu baiwar Allah ta yi tana gyara abin riƙewa da ake sarrafa wasan da shi, mai maɓalli uku kacal, manya-manya kamar murfin kwalba. Na abokan hamayya kuwa sha huɗu ne.

Manaja bai ɓoye mata komai ba.

"Injiniya, kin san faɗuwa muke yi a kan kowace na'ura. Ribarmu tana cikin wasannin da za a riƙa saya daga baya. Wa ke sayen wasa? Samari. Su kuma tarin maɓalli suke so. In gwajin Laraba bai yi kyau ba, za a ajiye naki, a rarraba mutanenki."

Ga yadda suke gwajin: a zaunar da mutum a ɗaki, a miƙa masa na'ura, manya su tsaya bayan gilashi suna duban agogo. Samari shida aka kawo. Wanda ya fi daɗewa minti tara ya yi, ya miƙe yana cewa, "Wannan ai na ƙanwata ne."

To, ranar ta taho da goggonta, za ta kai ta asibiti a duba mata ciwon yatsu. Ta bar ta a benci. Goggo kuwa ba ta iya zama shiru ba. Da samari suka watse, ta hango kujera mai laushi ba kowa, ta shige abinta. Ta ɗauki abin, ta danna, sai ga mota ta zabura a allo.

"Kai! Tsaya mana, ɗan banza, ina za ka?"

Manaja har ya kama ƙofa zai tafi, ya dawo. Minti goma. Ashirin. Goggo ta afka rami sau bakwai, tana yi wa direban faɗa kamar ba ita ke tuƙin ba. A minti na arba'in ta ci tseren, ta ɗaga murya:

"Ke 'yar nan! Na gama wannan. Babu wani? Mu biyar ne tsofaffi a layinmu, kullum sai dai mu kalli jikoki suna yi."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi injiniya.

"Tambayar nan ta 'Babu wani?' muke ci da ita," ya ce a hankali. "Wata uku na ba ki. Ki kawo min sauran huɗun na layinsu."

Uwar Maɓalli ta shiga ɗakin, idonta ya ciko.

"Goggo, asibitin fa? Mun makara."

"Likita ba gudu zai yi ba. Sako min motar nan, ni da ramin can ba mu gama ba."