Binciken da Injiniya Auwalu Ya Yo a Koriya

Ni dai tun farko na ce kada a aiki Injiniya Auwalu. Mutumin da in ka tambaye shi lafiyar iyali sai ya ba ka labarin famfo, shi za a tura binciken miji? Amma maigidana, Alhaji Zainulabideen, ya ce ba mu da wani. Kamfanin ruwan da Auwalu yake wa aiki a nan Madina zai tura shi Koriya ta Kudu duba wasu injuna, to ga tafiya ga biyan buƙata.

Wanda za a bincika kuwa Abdallah ne, ɗan Koriya, ya musulunta a can ƙasarsu ya zo Madina karatun addini. Tari ne ya kai shi kantin maganin da Alhaji yake aiki a Khalidiyya. Alhaji kuma bai iya ganin baƙo ya ƙyale ba, sai ya jawo mana shi buɗa-baki. Daga buɗa-baki aka koma duk Juma'a. Can sai na lura 'yata Nana Khadija, wadda ko shayi sai an yi faɗa take dafawa, ta fara tambayata yadda ake miyar taushe. Ba a jima ba ya aiko malaminsa da maganar aure.

Yaron ba shi da abin ƙi, wannan na yarda. Amma mu a Zariya ba a ba da 'ya sai an san asali. A je unguwarsu, a tambayi maƙwabta: ubansa wane irin mutum ne, uwarsa tana zaman lafiya da jama'a, akwai wani mugun hali a dangin? Na daɗe da barin gida, amma wannan al'adar da ita na hau jirgi. Kuma gaskiyar magana, tsoro nake ji. Ita kaɗai ce mace a ɗakina, ga shi ana maganar kai ta ƙasar da ko a taswira sai an nuna mini.

Da Auwalu ya dawo, ya zo mana bayan la'asar. Na kawo gahwa da dabinon Awali, na zauna daga bakin ƙofar falo. Nana tana kicin tana ta wanke kofunan da ba su da datti.

"Alhaji, na ga ƙasa!" in ji Auwalu, tun bai gama zama ba. "Garin su Abdallah, Ulsan, a nan ake ƙera jiragen ruwa. Na tsaya gindin wani da ake haɗawa, garin kallon samansa hulata ta faɗi. Daga babban birninsu na hau jirgin ƙasa, kafin shayina ya huce mun bar gari mun shiga wani. Dutse in ya tare musu hanya ba sa kewaya shi, huda shi suke yi. Kuma fa ba su da rijiyar mai irin ta nan. Tama suke sayowa, su mayar da ita mota da jirgi, su sayar wa duniya."

Alhaji ya gyara zama. "Ikon Allah! Wutar lantarki fa?"

Shi ke nan, an sosa wa Auwalu inda yake masa ƙaiƙayi. Daga lantarki suka gangara tashar jiragen ruwa, daga nan suka hau gadoji, suka sauka kan tankokin yaƙin da ya ce su suke ƙera abinsu har wasu ƙasashe na saye. Gahwa ta huce, na ɗumamo, ta sake hucewa.

"Injiniya," na ce, "wai ƙasar za mu aura wa yarinyar nan?"

Ya yi 'yar dariyar kunya. "Afuwan, Hajiya. Na je gidan. Wani abokin aikina ya raka ni yana mana tafinta. Dogon bene ne, su suna can kusa da sama. Uban ya rasu, mai walda ne a wajen ƙera jirage har ya yi ritaya. Uwar ce kaɗai. Dattijuwa mai tsafta, ta karɓe ni hannu biyu."

"Maƙwabta fa, me suka ce?"

Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe bawan Allah ya yi abin da aka aike shi. Ya fito ya ƙwanƙwasa ƙofar da take kallon tata. Ba a buɗe ba, ta wata 'yar na'ura a jikin bango aka amsa. Maigidan ya ce yana ganinta dai a lif, na'urar hawa benen, amma bai san sunanta ba. Auwalu ya matsa ƙofa ta gaba, waɗannan kuma suka kira mai gadin benen. Mai gadi ya zo, ya rusuna masa da ladabi, ya raka shi har bakin titi.

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba. Ƙasar da za a huda dutse a wuce amma a kasa tsallaka taku biyu a gaida tsohuwa, wallahi jikina ne ya yi sanyi.

"Sai kuma maganar sojan nan," in ji Auwalu. "A can kowane saurayi mai lafiya sai ya yi, kamar shekara ɗaya da rabi, ba ɗan wane ba ɗan wane. Maƙwabciyarsu ta arewa ba ta bar su sun saki jiki ba. Shi Abdallah karatu ne ya sa aka ɗaga masa, bana kuma sai ya koma."

Na dubi Alhaji. Ya duƙufa yana zaɓen dabino kamar yau ya fara ganinsa. Ya sani ke nan, ya ɓoye mini don ya san halina.

Amma ban yi fushi ba, daɗi ma na ji har cikin raina. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

"To ai magana ta yi sauƙi," na ce. "A ɗaura aure, ya je ya yi sojansa, 'yata ta zauna a ɗakina. Ba za a kai mini ita saman bene a rufe ba, miji yana bariki, ba mai ce mata ina kwana. In ya gama, Allah ya kai mu."

A zuciyata kuwa na riga na sama wa Abdallah aiki a Yanbu, gari ne nan kusa da mu, na kama musu gida kusa. Alhaji ya ce shawara ta yi. Auwalu ma ya gyaɗa kai.

Sai ga Nana ta fito, hannunta da danshin ruwa. Ta durƙusa gefena.

"Ammu Auwalu," ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci, "da ka shiga, wa ka tarar a wajenta?"

"Ba kowa, 'yata," in ji shi. "Ta ce tun da ɗanta ya taho, ni ne baƙon farko da ya zauna ya ci abinci a gidan. Na ƙoshi tana ta ƙaro mini. Da zan tafi ta biyo ni har lif, ta riƙe ƙofar da hannu."

Nana ta juyo gare ni. "Ya Ummi, ni zan bi shi."

"Ki bi shi ina? Bariki?"

"La, wajen mamarsa. Ya'ni, in ya shiga soja sai an ba shi hutu zai leƙo ta. Ke kina da Baba. Kina da Khala Shafa'atu a ƙasan benenmu, ga Khala Ruƙayya tana zuwa daga Uhudu ko ba a kira ta ba. Ita fa?"

"Ba addininku ɗaya ba, ba ki jin yarenta."

"Uwar mijina ce. Yaren kuma ina koyo, shuwayya shuwayya, kaɗan-kaɗan." Ta sunkuyar da kai. "Ke ce fa in wata ta kwana biyu ba ta leƙo ba, sai ki ɗora mini kwano ki ce in je in gano lafiya."

Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa. Alhaji da ya jawo baƙo, ko Auwalu da bai iya riƙe bakinsa ba, ko ni da na yi ta ɗora wa yarinya kwano ban san inda zai kai ta ba. Na dube ta a durƙushe, na ga ba rigima take ba, ta gama shawara tun tana wanke kofuna. Na so in ce a'a, kuma na san in na faɗa za ta zauna. Sanin hakan ne ya fi yi mini ciwo.

Alhaji ya ajiye dabinon da yake juyawa, yana jira. Ni kuma hawaye suna zubo mini, ban ko share ba.

"Injiniya," na ce, "a filin jirginsu, suna barin mutum ya shiga da daddawa?"